Shekarar da na toshe naffaj da ƙaya

Bana ma ruwa ya yi mana rowa. Hadari yakan haɗo daga wajen Gallabat, ya yi baƙi ƙirin kamar zai zauna a kan rufin gida, sai iska ta taso ta watsa shi. Ƙasar Gadarif idan ta ji ƙishi tsagewa take yi, har mutum ya zura hannu zuwa gwiwar hannu bai taɓa ƙarshenta ba. Shekaranjiya da hantsi Nafisa, matar ɗana, ta shigo mini da kaza a hammata, bayanta ya yi jina-jina. Tun daga ƙofa take cewa yaran gidan baya ne suka jefe ta, ta san su sarai, bari mijinta ya dawo. A ɗaya hannun tana riƙe da kwalbar jan magani. Na karɓe kwalbar na tura ta bayan randa, na ce ta ɗora ruwa ta kawo gishiri. Ban yi mata dogon bayani ba, don na ga ba ta da kunnen jinsa a ranar. Ni ma da nake shekarunta ba ni da shi. Sai da dai ta fita na ɗauko takarda. Rubutun nan da furfura na koye shi a ajin manya, kuma in bai yi mini amfani wajen faɗin abin da bakina ya ƙi faɗa ba, to zaman da na yi a kan tabarmar makaranta ya tashi a banza.

A wancan lokacin gidanmu guttiyya biyu ne, wato bukkoki na ciyawa, da rumfa, da dangar kara. Tsakaninmu da gidan Inna Kaltuma akwai naffaj. Yaran yanzu ba su san shi ba. 'Yar ɓaraka ce ake bari a jikin danga, daidai yadda mace za ta sunkuya ta wuce, don kada maƙwabta biyu su sha zagaye ta titi. Ta nan ake ɗebo garwashi, ta nan ake miƙo kwanon miya, ta nan ake kiran mutum in naƙuda ta taso. Ba a yin sallama a bakin naffaj. Wanda ya shigo ta nan ɗan gida ne.

Inna Kaltuma ba ta haɗa jini da ni ba. Iyayenta da kakannina dai hanya ɗaya suka biyo daga yamma da niyyar Makka, ƙafa ta tsaya musu a nan. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa. Ita ta karɓi haihuwar 'yata Amna, ita ta yanke cibiya, ita ta yi mini wankan jego. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, kullum "ya bitti", wato 'yata. Kuma a unguwar nan in kare ya yaga akuya, ko jaki ya ji ciwo a doro, wurinta ake zuwa. Tana da allura da zare a cikin gwangwani, da wata 'yar tukunya ta gatran, baƙin man nan mai wari da makiyaya ke shafa wa raƙuma.

Ina da kaji bakwai da zakara, ita tana da uku. Yini suke yi suna kai da kawo ta naffaj, su yi tono a nan, su yi wankan ƙasa a can, da magariba kowace ta koma gidanta. Ba mu taɓa yi musu shaida ba. Shaida ta wadda ba ki yarda da ita ba ce: wasu su ɗaura tsumma a fiffike, wasu su yanke farce ɗaya. Amma matan da suka haɗa naffaj kowace ta san kajinta kamar yadda ta san yatsunta, kuma sa shaida a tsakaninsu magana ce, ko da ba a buɗe baki ba.

Shekarar da nake ba da labarinta ta fara da ruwa ɗaya mai kyau. Maza suka ruga gona, aka yi shuka, ta fito, sai sama ta rufe bakinta. Aka sake shuka. Ta biyun ta kai gwiwa, ganyenta ya nannaɗe, ya yi launin toka, ya tsaya a haka. Uban Amna ya je ya duba gonar sau uku, na huɗun bai je ba. Ya bi lori tare da masu ƙwadago zuwa Fashaga, inda aka ce riɗi ya ɗan yi. Ya bar mana abin da ya saura na dawa a cikin ramin ajiya, da alkawarin ba zai daɗe ba.

Ruwan sha shi ya fara karya mu. Mai jakin da ke kawo mana ya daina biyowa ta layinmu. Sai in yi sallar asuba, in miƙa wa Inna Kaltuma yarinya ta naffaj, in ɗauki garwa in tafi hafir, tafkin da aka haƙa a bayan gari. Ruwan ya janye ya koma tsakiya, sai kin taka laka mai zafi har ƙauri kafin ki kai gare shi, kuma abin da za ki ɗebo launinsa kamar shayi da madara. Ba na dawowa sai rana ta take tsaka. Tuwo ya koma sau ɗaya. Kisra, wainar dawar da muke ci, ta yi sirara har ina hango tafin hannuna ta cikinta. Miya kuwa busasshiyar kuɓewa ce da gishiri, ranar da aka samu albasa sai a ce an yi girki. Dusar da nake watsa wa kaji na fara mayar da ita cikin gari muna ci. Su kuma sai ruwan wankin tukunya da abin da suka tono, kuma ƙasar ta bushe har kiyashi ya yi ƙaura.

Duk da haka suna yin ƙwai, ba kamar da ba, amma suna yi. Ba ma ci. Nakan tara in kai wa Sa'adiyya mai shayi a bakin kasuwar hatsi, ita kuma ta auno mini dawa daga wadda 'yan dako ke ba ta. Ƙwan nan shi ne tuwonmu ni da Amna. In kajin suka tafi, ramin ajiya ba zai kai mu dawowar maigida ba. Na san haka, kullum da shi nake tashi.

Sai wata magariba Wake ba ta shigo ba. Kaza ce mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari, mai ƙiba ko a cikin yunwa. Na duba bayan guttiyya, na duba cikin tsagar ƙasa, na bi layi ina kira. Na leƙa ta naffaj na tambayi Inna Kaltuma. Ta ce ba ta gan ta ba tun hantsi, wataƙila shaho ne, ko muzuru, bana kowa yunwa yake ji. Na ce to. Amma shaho yana barin gashi, muzuru yana barin jini, ni kuwa ban ga ko ɗaya ba.

Washegari da la'asar wani ƙamshi ya tsallako danga. Ƙamshin nama ne, hancin mai yunwa ba ya kuskurensa. Can sai ga hannun Inna Kaltuma ta naffaj da kwano, ta ce wani ɗan'uwanta ya kawo mata sharmut, busasshen nama, ta daka a miya, in ba yarinya. Na karɓa na yi godiya. Na zauna na juya miyar nan da yatsa ina neman ƙashi. Ban samu ba. Na ba Amna, na ci sauran, na suɗe kwanon, kuma kowace loma da tambaya na haɗiye ta. Kwana biyu bayan haka na kai ƙwai kasuwa, Sa'adiyya tana fifita wuta ta ce, ashe tsohuwarku ma ta fara kawo ƙwai, kajinta uku amma sun fi na wasu albarka. Na dawo gida da dawa a ka da wuta a ciki.

Uban Amna ya bar wani gwangwani na jan rini, irin wanda ake yi wa buhunan riɗi shaida da shi. Na jiƙa shi da ruwan da ya kamata in sha. Na kama kajina ɗaya bayan ɗaya na shafa musu a gadon baya, saman bindi, inda ko daga nesa za a gani. Na sake su suka bi ta naffaj jajaye.

Ba a jima ba Inna Kaltuma ta sunkuyo ta shigo. Ta daɗe tana kallon Fara, kazata da ta fi kowace yin ƙwai, da jan nan a farin gashinta. Ban ɗago daga tankaɗen da nake yi ba.

"Ya bitti," ta ce, "ja ba ya yi wa kaza kyau. Ki wanke musu."

Na ce ba ni da ruwan wankin kaji. Ta tsaya kaɗan kamar za ta ƙara magana, sai ta koma. Ni kuwa na ce a raina, kun ji, tun ba a je ko'ina ba shaidar ta tsone mata ido.

Bayan kwana uku, na dawo daga hafir na tarar da gashi a tsakar gida, jajaye. Na kama Gurguwa, wata mai ɗingishi, na ga an fige ta daidai inda na shafa rinin, ba gaba ba baya. Na kama wata, haka. Me mutum zai ce? Wa zai fige kaza a wurin shaida kaɗai, in ba mai son shaidar ta ɓace ba? Kuma wa ke gida daga asuba zuwa azahar, lokacin da nake cikin laka? Na ɗauko gwangwani na sake shafawa, wannan karon har a kan fatar, na faɗaɗa shi kamar tafin hannu. Na ce in an iya a fige wannan ma.

Aka fige. Daga figa aka koma jini. Ina da ragowar jan maganin da aka ba ni a asibiti ranar da Amna ta ƙuje gwiwa, na riƙa ɗiga musu. Safiya in ɗiga, azahar in tarar ciwon ya ƙara buɗewa. Lokacin zafin ƙarshen damina ne, mai ɗanko, wanda iska ba ta motsi, ƙudaje kuwa kamar an zubo su daga buhu. Na daina miƙa Amna ta naffaj da fara'a. In miƙa ta, in ƙirga kajina da ƙarfi don a ji, in tafi. In na dawo in duba hannun tsohuwar, in duba ƙarƙashin farcenta ko zan ga ja. Ta lura. Sai ta riƙa ɓoye hannun a cikin mayafi, ni kuma na ɗauki wannan ma a matsayin hujja.

Gurguwa ce ta fara mutuwa. Na dawo na same ta a gindin randa, ta sandare, tsutsa tana motsi a cikin ciwon. Da an yanka ta da mun ci nama kwana biyu. Ta zama mushe, sai jefarwa. Na ɗauke ta ta ƙafa na tsaya a bakin danga, na ɗaga muryar da duk layin ya san ni da ita. Ban kama suna ba, amma ba sai na kama ba. Na yi maganar Wake, na yi maganar miya, na yi maganar kaji uku masu ƙwan kaji goma. Mata suka fara leƙowa ta saman dangoginsu. Na ce hannun da ya fige mini kaji, wanda na ba amanar 'yata da gidana, Allah ya gan shi.

Daga can ciki, ba da ƙarfi ba, ta amsa.

"Ya gani, Hawwa."

Ran nan na fara jin sunana a bakinta. Ban tsaya tunani a kai ba. Na ɗauki gatari na fita bayan gari cikin ranar nan, na saro ƙaya, na jawo ta a ƙasa har gida kowa yana gani. Na cusa ta a naffaj, na danna da taɓarya, na ɗaure da igiya. Sauran kajin kuma na tattara su na zuba a akurki ɗaya a ƙarƙashin rumfa, na rufe, na ɗora dutse. Na ce yanzu sai in ga ta inda hannun zai biyo.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Wutata in ta mutu sai in yi ta fama da ashana mai sanyi, ga hayaƙin murhunta ina gani. Amna nake goyawa zuwa hafir, garwa a ka, yarinya a baya, ta dawo jikinta duk ƙuraje. In na sauke ta sai ta yi rarrafe zuwa wurin ƙayar, ta zauna tana kiran "Habboba", don haka take kiran tsohuwar, kaka. Nakan ji motsi a ɗaya gefen, kamar an matso, sannan a ja da baya.

Kajin kuwa sai abin ya ƙaru. Ƙwai ya tsaya cak. Kullum na ɗaga dutsen sai in ga sabon jini. Na zagaya danga ina neman inda aka tsallako, ban ga sawu ba. Na ce to ba hannu ba ne kaɗai, akwai abin da aka aiko. Na turara akurkin da turaren kore baki, na rataya laya a bakin rumfa. Wata zuciyar ta ce mini tsohuwar da ƙyar take sunkuyawa ta yaya za ta tsallake danga, na ce mata ta yi mini shiru, ai tana da wanda za ta aika.

Ramin ajiya ya kai inda in na zura hannu ƙasa nake taɓawa. Sai na yanke shawara zan kama mai yi da idona. Ran nan da asuba na buga garwa da gangan, na yi magana da ƙarfi cewa mun tafi, na ja ƙofar titi. Na zagaya ta bayan layi, na dawo a hankali, na shige guttiyya na rufo. Na ba Amna nono har ta yi barci. Na buɗa 'yar kafa a jikin ciyawar daidai akurkin, na zauna da taɓarya a kan cinya. Ranar ba ruwa ke nan a gidan, na sani, na yarda.

Rana ta hau. Cikin guttiyya ya zama kamar tanda, gumi yana bin bayana, harshena ya manne. Babu wanda ya zo. Ina jin tarin Inna Kaltuma a can gidanta, ina jin tana jan tabarma tana bin inuwa. Kajin suna tsaye a matse, baki buɗe, fiffike a sake. Can sai wata baƙa ta karkata kai ta dubi bayan Fara da ido ɗaya, irin duban da suke yi wa ƙwaro. Ta kai sara. Fara ta yi ƙara ta matsa, amma ina za ta je? Ɗigon jini ya fito a kan jan rinin. Kafin in ja numfashi sauran sun taru a kanta, har zakaran, suna sara suna ja, wata ta fizgo 'yar fata ta ruga lungu, biyu suka bi ta suna ƙwace.

Na zauna da taɓarya a hannu. Ba zan yi ƙarya ba, abin da na fara ji ba kunya ba ce, haushi ne, na rashin wanda zan kwaɗa wa. Kunyar daga baya ta zo, ta zo kuma da nauyinta.

Na fito na fizgo Fara. Fatar bayanta ta yage kamar faɗin yatsu uku, tana reto, ana ganin nama. In kai a yanka mini ita, mu ci yau, gobe babu ƙwai har abada. In bar ta, ƙudaje su gama da ita kafin jibi kamar Gurguwa. Ni ban iya ɗinki a jikin mai rai ba. Mutum ɗaya ce ta iya a duk layin.

Na tsaya na dubi ƙayar da na cusa. Taku uku ne da a buɗe yake. Na naɗe kazar a mayafi, na goya Amna, na fita ta titi. Sai ka wuce gida huɗu ka karya kwana kafin ka kai ƙofarta, kuma matan da suka ji muryata ran nan duk suna zaune a inuwar ƙofofinsu. Suka bi ni da kallo. Na tsaya a ƙofar gidan da ban taɓa shiga ta gaba ba, na yi sallama kamar baƙuwa.

Tana zaune tana yanka kuɓewa. Na buɗe mayafin na nuna mata. Na ce, "Inna, kajin ne da kansu. Na gani da idona."

Ta dubi ciwon, ba ta dube ni ba. Ta ce in koma in tafasa ruwa da gishiri. Na ce ba ni da ruwa. Ta nuna mini randarta da haɓa, na ɗiba.

Ta titi ta biyo, a hankali, da gwangwaninta da 'yar tukunyar gatran. Ta yi sallama a ƙofata ta jira sai da na amsa. Ta zauna a ƙarƙashin rumfa ta sa na kwantar da Fara a cinyata, na rufe mata kai da tsumma don ta natsu, na riƙe ƙafafun. Ta datse gashin da ke kewaye da almakashi. Ta bar ruwan gishirin ya huce har ya yi daidai da ɗumin jiki, ta riƙa zubawa kaɗan-kaɗan tana cire ƙasa da ƙwan ƙuda da tsinke, ba ta gaggawa. Ta sa allurar a wuta, ta tsoma zaren a tafasasshen ruwa. Ta jawo fatar ta haɗa baki da baki, ta ɗinka, kowane ɗinki da ƙullinsa daban, ta bar 'yar kafa a ƙasa don ruwan ciwo ya samu hanya. Sannan ta shafa man riɗi a kan ɗinkin, ta lakato gatran ta zagaye wurin da shi har jan nan ya ɓace ƙarƙashin baƙi.

Tana yi tana magana, kamar da kazar take. Ta ce kaza mai yunwa in ta ga ja, nama take gani. In ta ɗanɗana jini sau ɗaya ba ta bari. In kuma aka matse su wuri ɗaya cikin zafi, babu tono babu wurin gudu, sai su cinye juna. Gatran baƙi ne, ba ya jan ido, ga ɗaci, ga wari, ƙuda ma ba ya son sa. Ta ce a kife Fara ita kaɗai a ƙarƙashin kwando a inuwa har zaren ya fita, sauran a shafe musu jan duka a sake su, in nemo musu gara ko ɗanyen ganye ko da daga bakin hafir ne.

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini dalilin ba tun ran nan?"

Ta ce, "Kin tambaya?"

Da na yi shiru a nan, wataƙila da labarin ya zama wani. Amna ta riga ta rarrafa ta haye cinyarta, tsohuwar tana shafa mata kai da bayan hannu don kada ta ɓata ta da gatran. Fuskarta ta fara sakewa, na gani. Amma ni Allah bai yi ni da iya riƙe magana ba. Abin yana nan a maƙogwarona tun ranar miyar.

Na ce, "To Wake fa, Inna?"

Hannunta ya tsaya a kan yarinyar. Sannan ta sauke Amna a hankali ta zaunar da ita a ƙasa, ta ce in miƙo mata kaza ta gaba, in riƙe ƙafar da kyau. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya har muka gama. Da ta tashi ta ɗauki gwangwanin allurarta, ta bar tukunyar. Na ce ta manta gatran ɗinta.

"Riƙe shi a wurinki," ta ce. "Kada wata rana ki sha zagaye."

Kafin la'asar na cire ƙayar nan da hannuna, ta sossoke ni har gwiwar hannu. Na share wurin, na yayyafa sauran ruwan. Kajin suka fara wucewa tun ban gama ba, baƙaƙen baya, suna warin raƙumi. Bayan 'yan kwanaki aka yi ruwa, ruwa na gaske, wanda ya cika tsagar ƙasa ya mayar da layinmu laka mai cire takalmi. Bai ceci dawa ba, lokacinta ya wuce. Amma ciyawa ta tsiro, ƙwari suka fito, kaji suka ƙoshi suka manta da bayan juna. Fara ta warke, gashin wurin ya fito a karkace, ta koma yin ƙwai. Da ita da sauran suka riƙe mu har uban Amna ya dawo da buhunsa.

Shi ne ya fara tambaya, da ya ga Inna Kaltuma ta zo yi masa barka da zuwa ta ƙofar titi, ta tsaya tana sallama. Na ce ya tambaye ta. Bai tambaya ba.

Ta yi shekaru da dama bayan haka. Ba ta taɓa ƙin zuwa ba in na kira. Ita ta karɓi haihuwar ɗana, mijin Nafisa. Ta ci gaba da aiko miya, sai dai ta tsaya a gefenta ta kira Amna ta karɓa. Kaji suna bi ta naffaj, yara suna bi, ita ba ta sake sunkuyawa ta nan ba. Sau ɗaya ni na bi na shiga wurinta da kwanon kisra. Ta miƙe tsaye, ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ta kawo mini ruwa a kofin baƙi, ta ce, "Marhaba, Hawwa." Ban sake ba. Na sha tunani a kai, kuma ina ganin ba ƙayar ce ta rufe wurin ba, ba kuma ihun da na yi a gaban mata ba. Waɗannan da ta yafe su a ƙarƙashin rumfar nan, ba don na yi tambayar Wake ba.

Wake dai ba ta dawo ba. Ban san abin da ya ci ta ba. Ban san ko sharmut ne a miyar nan ba, ban kuma taɓa komawa na tambayi Sa'adiyya ƙwai nawa ta gani ba. Zan so in rubuta cewa zuciyata ta wanke tsohuwar tas, amma na yi niyyar ba zan yi ƙarya a takardar nan ba: har ranar da muka yi mata wanka muka naɗe ta a likkafani, akwai wani lungu a cikina da bai daina tambaya ba.

Yanzu katangar bulo ce tsakaninmu da gidan, ta fi tsayin namiji, kuma waɗanda ke ciki ban san sunan matarsu ba. Shekaranjiya da na gama ɗinke kazar Nafisa, na ce kafin ta kai ƙarar yaran kowa ta samu rana ɗaya ta zauna ta kalli akurkinta da azahar. Ta ce to, irin to ɗin da na sani. Sannan na ɗauko tukunyar gatran daga ƙarƙashin gado. Na sake cika ta ba adadi wurin makiyaya, bakinta ya ɓare, amma ita ce. Nafisa ta toshe hanci ta tambaye ni ina na samo wannan tsohon abu. Na ce ta wata maƙwabciyata ce, ta bar ta a nan.

Ta ce, "Mantawa ta yi?"

Na ce, "A'a. Inna Kaltuma ba ta mantuwa."